Kafin Ka Miƙa Tsohonka Ga Hannun Wani: Jawabi Ga 'Yan Kasuwa Da Iyalai Na Salaga Da Yendi Da Bawku



Iyayena maza da mata, sarakunan zango da magajiyoyin kasuwa, 'yan'uwana masu rumfa da masu talla, ina gaishe ku da sana'a. Ni ma'aikaciyar jinya ce mai shiga gida-gida. Awon ciki da rigakafin yara aka turo ni yi, amma da wuya in fito daga wani gida ba a ja hannuna zuwa wani ɗaki na can ƙurya ba, a ce, "Malama, ɗan leƙa mana tsohuwa." Abin da idona ya gani a waɗannan ɗakuna shi ya sa na roƙi a ba ni wannan dama.

Ƙidayar jama'a ta 2021 ta nuna cewa masu shekara 60 zuwa sama a Gana sun kai kusan miliyan 2. Tsofaffi na ƙaruwa, masu zama da su a gida kuwa na raguwa. Ɗa yana Kumasi da motar doya, 'ya tana aure a Ankara, matar gida ta yi sammakon kasuwa ba za ta dawo ba sai bayan la'asar, jikoki suna makaranta. Mai fataucin albasa ko dabbobi daga Bawku, yau yana Sankanse, jibi yana cikin Burkina, sai ya yi mako bai kwana a gida ba. Ban ɗora wa kowa laifi ba, domin da wannan fita ake cin tuwon dare. Sai dai dole wani ya zauna da tsohon, shi ya sa zancen da a da ake jin kunyar furtawa ya fara fitowa fili: a ɗauko mai kula a riƙa biya, ko a kai shi ɗaya daga gidajen kula da tsofaffi da ake buɗewa a manyan biranen kudu.

Na san da yawanku za ku ce mu ba ma kai iyayenmu gidan baƙi, kuma ni ma ra'ayina ya fi karkata ga tsoho ya ƙare kwanakinsa a cikin nasa. Amma na ga gidan da ake alfahari da wannan magana, alhali tsohuwar ta kwana biyu cikin fitsarinta, kuma na ga baƙuwar da ake biya ta riƙe tsohon da ba nata ba kamar ita ta haife shi. Saboda haka ma'aunin da zan ba ku ɗaya ne, ku auna gidan kuɗi da shi, ku auna mai kula da shi, ku auna gidajenku da shi.

Ku mutanen kasuwa ne. Ba wadda ke sayen buhun masara don kyan bakinsa, sai ta zura hannu har ƙasa. Gidan kula da tsofaffi ma yana da bakin buhu: fentin bango, da fulawoyi a ƙofa, da hotunan da ake turo muku ta WhatsApp. Kada ka je ranar da aka sa maka. Ka je ba sanarwa, ka kuma je sau biyu ko uku a lokuta dabam-dabam, da sassafe lokacin wanka, da tsakar rana lokacin abinci, da bayan magariba sa'ad da manya suka tashi aka bar ƙananan ma'aikata. Gidan da ya ce ba a ganin ɗakunan kwana sai falo, ko ba a ziyara sai an nemi izini da kwanaki, ya riga ya ba ka amsa.

Hancinka zai riga idonka. A inda ake jinya ba a rasa wari na ɗan lokaci, wannan ba abin kunya ba ne. Amma zarnin da ya kama katifa da labule ya zauna, alama ce ta cewa ana barin mutane cikin jiƙa na sa'o'i. Haka nan in ka ji turare ya yi yawa har yana hawa kai, ka tambayi kanka me ake rufewa. Sa'an nan ka dubi tsofaffin da ke wurin, ka bar kallon kujeru. Dubi farcensu, da gashin kansu, da leɓɓansu ko sun bushe sun tsage, da tufafin jikinsu ko nasu ne. Ka lura ko akwai ruwan sha inda hannun mai kwance zai kai. Tsoho ba ya jin ƙishirwa kamar yaro, yana iya bushewa bai ce uffan ba, kuma kun san zafin watan Maris da Afrilu a ƙasarmu. Ka saurari yadda ma'aikata ke kiransu. Inda ake cewa Baba da Inna da Hajiya, ana durƙusawa a yi musu magana, dabam yake da inda ake cewa "na gado na huɗu".

Yanzu bari in daɗe a kan abu guda, domin shi ne ya fi kowane tona asirin jinya: gyambon kwanciya. Idan mutum ya kwanta a gefe ɗaya ba ya iya juyawa, nauyin jikinsa yana danne fata a kan ƙashi, jini ya daina isa wurin, naman ya fara mutuwa daga ciki. Yakan fito a ƙashin gindin baya, da kwatangwalo, da dugadugai, da kafaɗu, wani lokaci har bayan kai. A farin mutum yana farawa da ja. A fatarmu kuwa ja ba ya nunawa sosai, sai dai wurin ya fi kewayensa duhu, ko ya yi sheƙi, ko ka taɓa ka ji ya fi zafi ko tauri. Wannan ne lokacin ceto. In aka bar shi ya fashe, cikin 'yan kwanaki yana iya zama rami har a hango ƙashi, ƙwayoyin cuta su shiga jini, a rasa tsohon a ce kwana ne ya ƙare. Rigakafinsa ba ya cin kuɗi, hannu yake ci: a juya mai kwance kusan duk bayan sa'a biyu, dare da rana, a sa matashi tsakanin gwiwoyi, a ɗage dugadugai daga katifa, a tsane jiki da zarar ya jiƙe, a shimfiɗa zane ba tare da tattarewa ba, a ba shi abinci mai gina jiki kamar wake da ƙwai da kifi da nono.

Wata 'yar kasuwa ta taɓa kirana in duba mahaifiyarta da aka dawo da ita daga wani gidan kula a kudu, inda ta yi wata huɗu bayan shanyewar ɓarin jiki. Duk wata tana tura kuɗi ta waya ba fashi, duk Juma'a ana turo mata hoton tsohuwa zaune da sabon mayafi. Da muka juya ta, abin da muka tarar a bayanta ya kai faɗin tafin hannuna. 'Yar ta ziyarce ta sau uku a watannin nan, amma kunya ta hana ta ɗaga zanen uwarta. Kunya abu ne mai kyau, da ita aka rene mu, amma a nan wurin tana kashe mutane. Mace ta duba bayan uwarta, namiji ya duba na ubansa, ko ku sa wanda ya dace ya duba, duk ziyara.

Daga nan sai lissafin ma'aikata, kuma lissafi sana'arku ce. Kada ka tambayi yawan ma'aikatan gidan, ka tambayi mutum nawa ke kwana a farke. A ce akwai tsofaffi goma sha biyu da ba sa iya juyawa, kowanne yana buƙatar minti goma a juya shi a gyara masa shimfiɗa. Minti 120 ke nan, wato sa'a biyu cif. Idan mutum ɗaya ne a aikin dare, kafin ya gama da na ƙarshe lokacin na farko ya sake zagayowa, ba hutu, ba zuwa makewayi, kuma ba mu sa wanda ya yi amai ko ya faɗi ba. Ɗan Adam ba ya iya wannan, don haka in an ce maka mutum ɗaya ne, ka san ba a juyawar. Ka ja ɗaya daga ƙananan ma'aikata gefe, ka tambaye ta tun yaushe take wurin, kuma ana biyanta a kan kari. Inda ma'aikata ke sauyawa duk wata biyu, ba wanda zai san cewa Baba ba ya haɗiye tuwo sai an sassauta masa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum ɗaya cikin shida na masu shekara 60 zuwa sama yana fuskantar wani nau'in cin zarafi a cikin al'umma a shekara guda, kuma a gidajen kula, biyu cikin uku na ma'aikatan da aka tambaya sun amsa da bakinsu cewa sun aikata. Wannan ya haɗa har da ƙasashe masu arziki. Galibi gajiya da ƙarancin hannu ne ke jawo shi, ba baƙar zuciya kaɗai ba.

Maganar takardu gajeruwa ce. Wurin da ake jinya ana ba da magani, hukumar HeFRA ce, wadda dokar 2011 ta kafa, ke ba shi lasisi. Ka nemi ganinsa a bango, ka duba ko bai ƙare ba. Wadda ta ce ita nas ce tana da lambar rajista daga Majalisar Ma'aikatan Jinya da Ungozoma ta Gana, mu duka muna da ita, kuma mai gaskiya ba ta jin haushin a tambaye ta. Farin kaya tela ne ke ɗinka shi. Ka kuma leƙa ofishin jin daɗin jama'a na gundumar ka ji ko sun san da gidan.

Magani kuwa a nemi ganin littafinsa. Kowane tsoho da shafinsa: sunan magani, da lokacin da aka ba shi, da hannun wanda ya ba shi, da awon hawan jini da na sukari. Mai ciwon sukari da aka ba ƙwaya ko allura bai ci abinci ba, sukarinsa na iya faɗuwa ya yi gumi ya suma, wannan yana yawan faruwa da azumi, don haka a shawarci likita tun kafin wata ya kama. Abin da na fi tsoro shi ne maganin barci. In ka shiga gida da hantsi ka tarar kowa na gyangyaɗi, ba hira, ba rediyo, ba mai ƙorafi, kada ka ce kai, wurin nan akwai natsuwa. Tsofaffi masu rai suna mita. Haka nan in ka ga an ɗaure wani da zane a jikin gado ko kujera, ko an kulle ɗaki daga waje, ka tambayi dalili, ka tambayi wane likita ya ce a yi. Ka kuma tambaya: in ya faɗi da tsakar dare, wane asibiti za a kai shi, da wace mota, wa zai kira ni? A nan gida amsar ita ce asibitin gwamnati na Salaga, ko na Yendi, ko asibitin Presbyterian na Bawku, in abin ya fi ƙarfinsu a wuce asibitin koyarwa na Tamale. Lambar gaggawa 112 ce. Mutanen Bawku, ku da kuka sha zama ƙarƙashin dokar hana fita, ku shirya wannan da rana tsaka, ku san wanda za a kira kafin dare ya same ku.

Akwai abin da likita ba ya rubutawa a kati. Tsohon da ya yi shekara saba'in yana karyawa da koko da ƙosai, yana cin tuwo da miyan kuka ko ayoyo, in aka ajiye masa abincin da bai saba da shi ba sai ya ture, a ce ba ya cin abinci. Ka tambaya wa ke jin harshensa, Hausa ne ko Dagbanci ko Gwanjanci ko Kusasanci ko Mosanci, domin wanda ba a jin maganarsa ba ya iya cewa nan ke mini ciwo. Wa zai kawo masa buta ya fuskantar da shi alƙibla, ko ya kai shi coci in Kirista ne? Mace za ta yi wa mace wanka? Waɗannan tambayoyi su suka fi sa ni shakkar ɗaukar tsoho daga zango a kai shi nesa, ko da gidan ya yi kyau.

Kuɗi a rubuta shi. Nawa ne a wata, me ke ciki, me ke waje: kunzugun manya, da sabulu, da magani, da motar asibiti. Inshorar lafiya ta NHIS ba ta biyan kuɗin zama a gidan kula, amma wanda ya kai shekara 70 an ɗauke masa kuɗin shekara, sai ɗan abin sabuntawa, kuma ana yi ta waya da *929#. Ku duba katin tsohonku yau, da yawa na tarar sun mutu ba a sani ba. Shirin LEAP, wanda aka fara a 2008, yana tallafa wa matalautan gidaje masu tsoho ɗan shekara 65 zuwa sama marar mataimaki. Katin ɗan ƙasa na tsoho, da lambar sirrin kuɗin wayarsa, da takardun gida ko gona, su zauna a hannun iyali. Duk mai kula da ya fara zancen a sa masa hannu a takarda, a sallame shi.

Yanzu zan taɓo inda ke ciwo, ku yi mini haƙuri. A arewacin ƙasar nan muna da wuraren da ake kai tsofaffi tun kafin a san gidan kula na kuɗi: Gnani kusa da Yendi, da Kukuo a ƙasar Nanumba, da Kpatinga, da Gushegu, da Gambaga. Waɗanda ke zaune can, galibinsu mata, zargin maita ne ya kore su daga gidajensu. Mutanen Salaga ba su manta Kafaba ba, inda a ranar 23 ga Yuli 2020 aka yi wa Akua Denteh, tsohuwa 'yar shekara 90, dukan da ya kashe ta a bainar jama'a. A watan Yuli na 2023 babbar kotu a Tamale ta ɗaure mata biyu shekara 12 kowacce, kuma a wannan watan majalisar dokoki ta zartar da ƙudurin haramta zargin maita, sai dai shugaban ƙasa na lokacin bai sa masa hannu ba.

Ga abin da horona ya koya mini. Akwai ciwon ƙwaƙwalwa da ke zuwa da tsufa, wanda muke kira gigin tsufa. Mai shi yana manta sunan 'ya'yansa, yana fita da dare a tsince shi a ƙofar wani ba mayafi, yana magana da matattu, yana zargin an sace masa kaya, kuma in aka matsa masa da tambaya yana iya amsa duk laifin da aka ɗora masa. Ku duba da kyau, waɗannan su ne ainihin alamomin da ake kafa hujja da su a kira tsohuwa mayya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum miliyan 55 ke da wannan ciwo a duniya, a Ingila da Amurka da Saudiyya duk akwai shi. Sa'an nan akwai ruɗewar da ke zuwa farat ɗaya cikin kwana ɗaya ko biyu, wadda zazzaɓin cizon sauro, ko ciwon mafitsara, ko bushewar jiki, ko faɗuwar sukari ke kawowa. Ita wannan tana warkewa in an kai asibiti da wuri. Tsohuwar da jiya take lissafin cinikinta daidai yau ta rikice, asibiti take buƙata a ranar. Wanda ya ga ana dukan tsoho, ko ana ɗaure shi, ko ana shirin korarsa, ya kai magana ga 'yan sandan DOVVSU, ko ofishin CHRAJ, ko jami'in jin daɗin jama'a, ya kuma sanar da sarkin zango da liman ko fasto, domin sau da yawa muryarsu ta fi saurin tsayar da taro.

Mafi yawanku dai a gida za ku riƙe naku, to ku koma ku zura hannu cikin naku buhun. Yarinyar da aka ɗauko daga ƙauye 'yar shekara goma sha biyu ba mai jinya ba ce, ba ta iya ɗaga babban mutum, kuma ita ma makaranta ce wurinta. In za ku biya mai kula, ku ɗauki babba wadda aka san gidansu, ku kawo ta wurinmu ko ɗakin shan magani na unguwa mu nuna mata juyi da wanka da ciyarwa a zaune, ku ba ta ranar hutu, ku biya ta ranar da kuka yi alkawari. 'Yan'uwa su raba kwana, kada a bar wa suruka ɗaya ko 'yar autar da ba ta da bakin ƙi. Wanda ke nesa yana turo kuɗi kada ya ɗauka ya gama nasa, ya zo ya kwana biyu ya ba na gida dama su yi barci. A fito da tsoho daga ɗakin ƙurya zuwa inda yake jin hayaniyar gida. A sa fitila a hanyar makewayi, a kafa ƙarfe ko itacen dafawa, a cire tabarmar da ke naɗe ƙafa, domin karayar kwatangwalo ita ce ke kwantar da tsofaffi da yawa kwanciyar da ba sa tashi. Wanda ganinsa ya dushe kada a ce tsufa ne kawai: yanar ido ana cire ta, inshora na ɗaukar aikin, kuma sashen ido na asibitin Bawku sananne ne har a ƙetaren iyaka.

Ranar kasuwa mai zuwa muna nan da abin awon jini da na sukari. Ku zo da tsohon in yana iya fitowa. In ba ya iyawa, ku zo da katinsa na inshora da duk magungunan da yake sha a cikin leda ɗaya, har da na gargajiya, ku kwatanta mana gidan mu biyo ku.

Allah Ya ba da kasuwa, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.